Vim ko Emacs: Wanne Ya Fi Dacewa Da Mai Rubuta Imel?

Ranar wata Asabar da hantsi ɗan yayata ya shigo shagona da ke wajen Ƙofar Marusa, laftof a hammata, fuska ba walwala. Karatun kwamfuta yake yi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, kuma abokansa sun zuga shi cewa duk wanda bai iya Vim ba, wata manhajar rubutu a kwamfuta, bai ma fara ba tukuna. Bayan mun gaisa ya buɗe na'urar ya turo mini ita. "Kawu, dubi abin nan don Allah. Cinye mini haruffa yake yi." Wasiƙa ce yake son aika wa malaminsa. A layin farko an rubuta "ssalamu alaikum", babu A. A layi na biyu kuwa, inda ya so ya ƙara "Ranka ya daɗe", sai ga "anka ya daɗe" ta hau kan jimlar da ke wurin ta danne rabinta.

Na yi dariya har ya ji haushi, don ni ma haka ta taɓa faruwa da ni. Babu abin da ya lalace. Vim yana buɗewa ne a yanayin da haruffa umarni ne, ba rubutu ba. Babban A yana nufin a je ƙarshen layi a fara rubutu, shi ya sa ya haɗiye A ɗin ya rubuta sauran. Babban R yana nufin a rubuta a kan abin da ke wurin. Da "Sannu" ya fara, da abin ya fi haka muni, domin babban S share layin yake yi gaba ɗaya kafin ya ba ka damar rubutu. Kai ka ce da gangan aka zaɓo haruffan gaisuwarmu. Na nuna masa ya danna Esc sannan u, jimlarsa ta dawo.

"To Kawu, in bar shi in koma Emacs ɗin da kake amfani da shi?"

A makon ne kuma wata malama da ke riƙe da sakatariyar wata makarantar Islamiyya ta yi mini kusan irin wannan tambayar, ita kuma don ta gaji da jiran shafin imel ya buɗe a burauza. Amsar da na ba su ba ɗaya ba ce.

Vim da Emacs duka manhajojin rubutu da gyaran rubutu ne, tsofaffin hannu, kuma kyauta ake samun su. Bill Joy ne ya rubuta vi, wanda Vim ya gada, a jami'ar Berkeley ta Amurka a 1976, sannan Bram Moolenaar, ɗan ƙasar Holan, ya fitar da Vim a 1991, ya ci gaba da kula da shi har ya rasu a 2023. Emacs ma a 1976 aka faro shi a jami'ar MIT ta Amurka, kuma wanda ake amfani da shi yau, GNU Emacs, Richard Stallman ne ya fitar da shi a 1985. Gardamar wanne ya fi ta girmi ɗan yayata nesa ba kusa ba, kuma ba ita ce ta dame ni ba. Abin da na lura yana rikita sababbi shi ne kalma ɗaya da duka biyun ke amfani da ita, wadda zan kira yanayi, alhali kowanne da abin da yake nufi da ita.

A Vim, yanayi yana magana ne a kan abin da yatsunka ke yi a wannan daƙiƙar. Akwai yanayin umarni, inda kake zama mafi yawan lokaci. Akwai na shigar da rubutu, wanda ake shiga da i ko a ko o, ka ga an rubuta INSERT a ƙasan allo. Akwai na zaɓen rubutu da ake shiga da v, da kuma na layin umarni da ke buɗewa idan ka danna alamar ɗigo biyu. Esc ne ke mayar da kai gida daga ko'ina. A wasiƙa mai sakin layi huɗu za ka iya sauya yanayi sau talatin ba ka ma sani ba. Ribar ita ce gyara yana zama kamar magana: dw ta share kalma, dd ta share layi, dap ta ɗauke sakin layi sukutum, ɗigo guda kuma ya maimaita abin da ka yi na ƙarshe. Wanda hannunsa ya faɗa yana gyaran dogon rubutu ba tare da ya taɓa maus ba.

A Emacs kuwa yanayi yana magana ne a kan irin rubutun da ke gabanka. Harafi harafi ne kullum. Ka danna A, A za ta fito. Abin da ke sauyawa shi ne kayan aikin da aka shimfiɗa maka. Kowane rubutu da ka buɗe yana da babban yanayi guda ɗaya: text-mode don rubutun yau da kullum, org-mode don tsara ayyuka da jadawali, python-mode don shirya manhaja, message-mode don imel. Yawanci Emacs da kansa yake zaɓa ta duba ƙarshen sunan fayil, amma in kana son sauyawa sai ka danna Alt da x ka rubuta sunan yanayin. A kan babban yanayin nan ana iya ɗora ƙanana ko nawa ne: auto-fill-mode ya riƙa karya layi idan ya yi tsawo, flyspell-mode ya riƙa ja layi a ƙarƙashin kalmar da bai gane ba. Yadda nake kwatanta wa ɗalibaina, Vim kamar giyar babur ce da kake sauyawa a kowace kwana, Emacs kuwa kamar shiga ɗaki ne, kowane ɗaki da kayan aikinsa, ka shiga sau ɗaya ka zauna.

Vim ma yana da irin wannan na biyun, yana kiran shi filetype, kuma da ":set ft=mail" za ka gaya masa imel kake rubutawa, ya sa wa layukan da aka ɗauko daga wasiƙar wani launi dabam, ya kuma karya layi a harafi 72. Amma nan ya tsaya. Vim ba ya karanta imel, ba ya aikawa. Sai an haɗa shi da wata manhaja, kuma wadda aka fi haɗa shi da ita ita ce Mutt, wadda Michael Elkins ya fara a 1995, ko reshenta NeoMutt.

Ga yadda aikin yake a Mutt. Ka danna m, ta tambaye ka adireshin wanda za ka aika wa, ta tambaye ka taken wasiƙa, sannan ta buɗe maka Vim. Ka yi rubutunka, ka danna Esc, ka rubuta :wq ka fita. Sai ta dawo da kai wani shafi da ke nuna komai a jere, wanda za a aika wa, take, da abin da aka maƙala. A nan a ke maƙala fayil, y kuma ta aika. Wannan shafin na tsakiya ina ganin darajarsa ƙwarai, don yana tilasta maka ka sake duba adireshi kafin kibiya ta bar baka.

A Emacs kuwa Ctrl-x sannan m kawai za ka danna, shafi ya buɗe da To da Subject a sama, sai wani layi da aka rubuta "--text follows this line--", wanda ba a taɓa shi, don shi ne iyaka tsakanin kan wasiƙa da gangar jikinta. Komai a shafi ɗaya yake, kuma komai rubutu ne da za ka iya gyarawa. Ctrl-c Ctrl-a ta maƙala fayil, Ctrl-c Ctrl-w ta sa hannunka a ƙasa, Ctrl-c Ctrl-d ta ajiye sai an jima, Ctrl-c Ctrl-c ta aika. A nan tarkon Emacs yake. Duk wanda ya taso a Windows ya saba Ctrl-c kwafa take nufi, kuma yatsanmu ya saba danna ta sau biyu don a tabbata. Na taɓa aika wa wani dattijo wasiƙar neman alfarma da ta tsaya a tsakiyar jimla, ko sallamar ƙarshe babu, sai da na bi shi da waya ina ba da haƙuri. Tun ranar na kunna message-confirm-send, wanda ke tambaya kafin ya aika. Duk wanda zai fara imel a Emacs, wannan ya zama saitinsa na farko. Kwafa a can Alt-w ce, liƙawa Ctrl-y, in kuma hannu ya ƙi sabawa akwai cua-mode da ke dawo da Ctrl-c da Ctrl-v irin na Windows.

Abin da ya riƙe ni a Emacs ƙaramin yanayi ne mai suna orgtbl-mode. Idan zan aika wa mai makaranta lissafin kuɗin buga takardun jarrabawa, sai in kunna shi a cikin wasiƙar, in rubuta sandar tsaye, sunan aji, sanda, yawan shafi, sanda, kuɗi, in danna Tab, sai jadawalin ya miƙe da kansa, kowane layi ya daidaita da ɗan'uwansa. Ba sai na buɗe Excel na maƙala fayil ba. Ana iya yin makamancin haka a Vim, amma sai an nemo ƙarin kaya an ɗora.

Don karanta wasiƙun da suka shigo, Emacs yana zuwa da Gnus a cikinsa, sai dai Gnus teku ne, ban shawarci sabon shiga ya faɗa ba. Mafi sauƙi su ne mu4e da notmuch, waɗanda ake girkawa daban. Ƙarfinsu a nema yake: ka rubuta sunan mutum da kalma ɗaya, wasiƙar shekara uku da ta wuce ta fito kafin ka ɗaga kofin shayi. Wasiƙun banki da na hukumomi masu launi da hotuna ma Emacs yana iya nuna su daidai gwargwado, har da hotunan. Mutt kuwa a baƙin allo take zaune, sai ka haɗa ta da w3m ko lynx su mayar da irin waɗannan wasiƙun rubutu zalla.

Yanzu ga abin da masu gardamar ƙasashen waje ba sa tattaunawa, alhali mu shi ne kan gaba: ƙ da ɗ da ɓ. Wasiƙar da aka rubuta "kasa" a wurin "ƙasa", ko "fada" a wurin "faɗa", tana iya jawo abin da ba a so. Hanya mafi sauƙi ita ce a sa tsarin kibod na Hausa a kwamfutar kanta, akwai shi a Windows da Linux, sai duka biyun su karɓa. In ba a so haka ba, kowanne yana da dabararsa. A Vim ana sa layi kamar "digraphs k' 409" a fayil ɗin saiti, da d' 599, da b' 595, daga nan Ctrl-k sannan k da waƙafin sama sai ƙ ta fito. A Emacs ana iya danna Ctrl-x, 8, Enter, a rubuta 0199, amma wannan wahala ce ga mai dogon rubutu. Abin da na yi shi ne na shirya ɗan tsarin shigar da haruffa da quail, kayan aikin Emacs na yin hakan, layuka kaɗan ne, yadda in na rubuta k' sai ta koma ƙ nan take, irin yadda magabata ke yi a tafireta. Ctrl da sandar da ta karkata baya ke kunna shi, ita ke kashe shi idan zan koma Turanci. A nan kusan kunnen doki suka yi, ko da yake na Emacs ya fi daɗin hannu.

Inda tazarar take da faɗi shi ne Larabci. Malamar nan kusan kowace wasiƙarta tana farawa da basmala, wani lokaci da aya ko hadisi a tsakiyar bayanin Hausa. Tun fitowa ta 24 a 2012 Emacs ya iya haɗa rubutun dama-zuwa-hagu da na hagu-zuwa-dama a layi ɗaya, kuma yana da tsarin shigar da haruffan Larabci a cikinsa. Vim yana da ":set arabic", amma juya shafin yake yi gaba ɗaya. Haɗa Hausar boko da Larabci a jimla ɗaya ya dogara ne ga tagar da aka buɗe shi a ciki, wata ta nuna daidai, wata ta hargitsa. Mai rubuta Larabci ko ajami kullum, magana ta ƙare, Emacs ne nasa.

Sai batun wuta da sabis. A shagona akwai tsohuwar kwamfutar tebur da ba ta da batirin riƙo, ana ɗauke wuta take mutuwa, kafin yaro ya tayar da janareta komai ya tafi. Duka biyun sun tanadi wannan. Vim yana ajiye fayil ɗin ɓoye bayan kowane harafi 200 ko idan ka dakata daƙiƙa 4, ka dawo da shi da "vim -r". Emacs yana yin nasa bayan danni 300 ko dakatawar daƙiƙa 30, ka dawo da shi da recover-session. Vim ya ɗan fi taka-tsantsan ke nan, amma duka ana iya sauya adadin.

Game da sabis kuwa, gaskiyar ita ce ba Vim ko Emacs ne ke ceton ka ba, wata ƙaramar manhaja ce mai suna mbsync. Ita ke sauko da dukkan wasiƙunka ta ajiye su a kwamfutarka, kuma Mutt da mu4e duka suna iya karanta wannan ajiyar. Idan na je Daura gaida 'yan'uwa, kafin in bar Katsina nake sauke komai, a can in zauna a zaure in karanta, in amsa, data a kashe. Emacs yana da smtpmail-queue-mail da ke jera amsoshin a layi, in sabis ya samu a sallame su gaba ɗaya, kuma mu4e ta sa wannan a shafinta na farko. A ɓangaren Mutt ana yin haka da msmtp, manhajar aika wasiƙa, da ɗan rubutun jerin gwanon da ke zuwa tare da ita. Yana aiki, amma haɗa shi ya fi cin lokaci.

Akwai wahalar da ba wanda ya tsira daga gare ta. Tun 2022 Gmail ta daina karɓar kalmar sirrinka ta yau da kullum daga irin waɗannan manhajojin. Sai ka kunna tantancewa mai mataki biyu, ka nemi kalmar sirri ta musamman mai harafi 16, ka ba manhajar. Asusun Microsoft ya fi haka wuya, don sun koma wani tsarin tantancewa mai suna OAuth2, wanda ke buƙatar ƙarin kayan haɗi a kowane ɓangare. Mai imel ɗin ofis ko na makaranta ya fara tambayar masu kula da shi ko sun bar ƙofar IMAP da SMTP, wato hanyoyin da manhaja ke ɗauko wasiƙa da aika ta, a buɗe, kafin ya ɓata ƙarshen makonsa. Kuma kada a rubuta kalmar sirrin nan tsirara a fayil ɗin saiti a kwamfutar da wasu ke taɓawa. Emacs yana karanta ta daga fayil ɗin .authinfo.gpg a kulle, Mutt da msmtp kuma ana iya sa su su nemo ta daga wani umarni.

Yawancin kwamfutocin da ke shagunan buga takardu a garin nan Windows ne a kansu. Vim da Emacs duka suna hawa Windows lafiya lau, kuma Emacs yana iya aika imel daga can ba tare da wani ƙari ba. Amma Mutt da mbsync da mu4e 'yan gidan Linux ne, a Windows galibi sai ta hanyar WSL, wato Linux a cikin Windows. A waya kuwa, cikin Termux, manhajar da ke ba da allon umarni irin na Linux a Android, Vim ya fi daɗi nesa, domin harafi ɗaya ɗaya ake dannawa, ba a ta riƙe Ctrl da babban yatsa a kan gilashi ba. Emacs 30 da ya fito a 2025 yana da nasa na Android, amma ba tare da kibod na waje ba aiki ne ja.

Wani zai ce me ya sa ba za a haɗa biyun ba? Ana haɗawa. Akwai Evil, wanda ke sa Emacs ya karɓi maɓallan Vim, kuma Doom Emacs da Spacemacs a kansa aka gina su. Wanda ya riga ya iya Vim sannan yake son mu4e, nan ne masaukinsa. Sabon shiga kuwa ban yarda ba, don yanayi iri biyu zai riƙa sauyawa a lokaci guda, kuma idan abu ya ƙi, ba zai san wanne zai tuhuma ba.

Kuma in faɗi wadda ba a so: in wasiƙunka biyar ne a mako, ko aikinka na buƙatar tambarin ofis da launuka a jikin wasiƙa, ka zauna a Gmail ɗinka na burauza ko na waya. Kwanakin da za ka kashe wajen saiti ba za su dawo ba.

Ɗan yayata na ce masa ya tsaya a Vim. Wasiƙunsa kaɗan ne, abin da ke gabansa shirya manhaja ne da shiga sabobin Linux, wato kwamfutocin da ke yi wa wasu hidima, daga nesa, inda kusan kullum zai tarar da vi a girke ko da babu komai. Na ce ya rubuta vimtutor ya zauna da shi, kamar rabin awa yake ɗauka, ya maimaita shi kwana uku a jere, ya kuma mayar da Caps Lock ya zama Esc don yatsansa ya huta. Mutt kuma ya bari sai bayan jarrabawa.

Malama kuwa Emacs na girka mata da mu4e a kan Linux Mint, na kunna mata cua-mode da tambayar kafin aikawa, na sa mata haruffan Hausa da na Larabci. Na rubuta mata umarni shida a takarda, na shidan shi ne Ctrl-g, wanda ke soke duk abin da aka fara bisa kuskure, ta manna takardar a gefen allo da salatif. Bayan mako biyu ta aiko ɗanta da laftof ɗin da saƙo: "Malam, wai duk rubutunta ya cika da jan layi." Flyspell ne na manta a kunne, yana auna Hausarta da ƙamus ɗin Turanci, har "Assalamu alaikum" bai bari ba. Na kashe shi, na ce wa yaron ya gaida mamarsa, ya kuma gaya mata in ta ga haka nan gaba ta danna Alt da x ta rubuta flyspell-mode da kanta.